Yadda Jazuli Jikan Maƙera Ya Saki Masaba Ya Kama Allura

Da sunan Allah da ya ɓoye ƙarfe a cikin dutse, ya kuma zuba haƙuri a zukatan matan masu wasan waya. Bayan haka, wannan shi ne tarihin Jazuli ɗan Mudi, ɗan Tanko Ci-wuta, ɗan Barau Mai-masaba-biyu, ɗan Gagare wanda aka ce yakan riƙe jan ƙarfe da tsurar hannu har ya gama amsa gaisuwar baƙo, zuriyar maƙeran Malumfashi, ma'abota zuga-zugi da awartaki, waɗanda hayaƙin zaurensu bai taɓa yankewa ba tun garin yana ƙauye. Barau shi ne ya ƙera garmar da ta binne manoma uku tana nan daram. Tanko bai taɓa yarda wuƙar kanti ta kwana a gidansa ba. Mudi kuwa yana nan da ransa, kullum masabarsa ce ke tayar da unguwa kafin zakara ya gama shawara. Daga wannan tsatso mai albarka aka sami Jazuli, Gwarzon Babban Yatsa, Mai Gilashin Waya Tsagagge, wanda ke sayar da maganin ciwon kai a wani kemis da ke bakin tasha, tafin hannunsa lukwi kamar na jariri.

Kada mai karatu ya zaci jinin ƙira ya bushe a jikinsa. Ina! Wuri kawai ya sauya. Akwai wani wasan gem da ake haɗuwa a yi ta intanet, wanda mutanenmu suka raɗa wa suna Ƙasar Dodanni. Kowa yana da jaruminsa a ciki, ana haɗa runduna a tafi yaƙar dodanni, kuma kowane jarumi yana da izinin riƙe sana'a guda ɗaya tak, ya kai abin da ya yi kasuwa ya sami zinariya, zinariyar da a wajen waya ko ƙosai ba ta saye. Dokar ƙasar kuwa mai tsanani ce: duk wanda ya saki sana'arsa, gwanintarsa ta ƙone ƙurmus, kuma babu komawa. Ranar da Jazuli ya shiga, ko kallon sauran sana'o'in bai yi ba, ya danna ƙira.

Rundunarsu ita ce Rundunar Gindin Dalbejiya, domin a can suke taruwa bayan la'asar, kan bencuna, a ƙofar shagon taya na Oga Sabi'u, amirul jaishi, mai tumbi da murya, wanda ba a katse masa magana saboda soket ɗin cajin nasa ne. Abin hawan wannan ƙasa kuwa kura ce, ƙatuwa, mai doro, wadda ake ɗaura wa takunkumin ƙarfe a haye ta. Kowa a rundunar yana da kurarsa. Kowa, ban da Jazuli. Idan aka buga tambarin yaƙi mahaya suka tashi da ƙura, sai ka hango wani ɗan tsiririn jarumi can baya yana sassarfa da ƙafa, yana ƙetare kwari da tudu, kafin ya iso an kashe dodo, an raba ganima, har wasu sun fara hirar ƙwallo.

Ɗanliti ne ya raɗa masa suna Dakare. Ɗanliti ɗan mahauta ne, mai sayar da balangu, baki gare shi kamar reza, kuma tun suna firamare ba su taɓa zama benci ɗaya an tashi lafiya ba.

"Sannu da hanya, Dakare," in ji shi kullum. "An gama. Zo ka share mana fili."

Abin yana yi wa Jazuli ciwo, ciwo na gaske, irin wanda mutum ke dariya a majalisa ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Me ya tsiyata jikan Gagare alhali ya fi kowa iya ƙira? Abu biyu ne. Na farko, duk saurayin da ya shiga ƙasar takobi yake so ya ƙera, har maƙera suka fi mayaƙa yawa, takubba suka cika kasuwa babu mai tayawa. Na biyu, Jazuli ɗan gida ne, ya gaji kunyar gidansu. Takunkumin kowace kura ta rundunar shi ya ƙera, har da ta Ɗanliti, kuma ladan da ya karɓa bai wuce "Allah ya saka da alheri" ba. Ya tara Allah-ya-saka da yawa, amma mai sayar da kura a cikin gem ba ya karɓar ta.

Ana nan sai Oga Sabi'u ya miƙe a kan benci, ya yi gyaran murya, ya shelanta cewa Asabar ta ƙarshen wata runduna za ta fita jihadin Dodon Tsauni, mai kai uku, wanda babu wata runduna daga Funtua har Ƙafur da ta taɓa karce masa fata. Ya ƙara da cewa wanda ba shi da abin hawa zai tsaya gadin kaya a gindin tsauni. Bai ambaci sunan kowa ba, amma duk majalisa ta juya ta dubi mutum ɗaya. Jazuli ya miƙe tsaye, jinin Tanko Ci-wuta yana tafasa a jijiyoyinsa, ya ɗaga wayarsa sama ya yi rantsuwa mai nauyi cewa ranar nan a kan kura za a gan shi, ko ya goge wasan daga wayarsa.

"Allah ya nuna mana," in ji Ɗanliti, yana sakace.

Daga ranar Jazuli ya shiga halwar nazari. Ya dasa jaruminsa a tsakiyar kasuwar ƙasar kamar dillalin da ba shi da rumfa, yana auna sana'o'i da ma'aunin hikima da basira. Ya dubi jima, ya ga majema sun fi fatun yawa. Ya dubi haɗa magani, ya ga akwai riba, amma ya ce wallahi ba zai wuni yana sayar da magani a tasha ya dawo ya ɗora a waya ba. Ya dubi kamun kifi, ya ga aikin zaman bakin ruwa ne, data tana zurarewa kifi yana yanga. Ya dubi girki, ya tuna abin da Ɗanliti zai ce, ya wuce da sauri. Kwanaki suka shuɗe, masu ciwon kai suna tsaye a gaban kanta suna buga tebur, gwarzo yana can yana lissafin daula.

Fatahi ya zo masa ne a kan wata gada. Ya kashe wani ɗan dodo, ganima ta zube, ya sunkuya zai ɗauka, sai gem ya ce jakarsa ta cika. Ya buɗe, ya tarar da ragowar takunkumai da ya ƙera babu mai saye sun cinye wurin. Ya yi tsaki, ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya ya watsa a kogi, har na ƙarshe. Yana cikin haka sai ya lura da wani jarumi a gefensa yana zubar da nasa kayan, ga wani can ma, ga wani. Ashe ƙasar gaba ɗaya a cike take da mayaƙa masu ganima babu wurin zubawa! Kowa yana son babbar jaka, ita kuwa jaka sai tela, teloli kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, domin babu wanda ya shigo Ƙasar Dodanni da burin riƙe allura. Jazuli ya yi kabbara a cikin kemis har wata tsohuwa ta saki ledar maganinta.

Amma fa sanin hanya daban, bin ta daban. A nan aka gwabza yaƙin da ya fi kowane yaƙi, tsakanin rundunar gado da rundunar riba, a filin daga wanda bai wuce faɗin ƙirjin Jazuli ba. Gado ya jero dakarunsa, Gagare a gaba da jan ƙarfe a hannu, Barau da masabarsa biyu, suna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Riba kuwa ba ta kawo kowa ba sai Ɗanliti da tsinken sakace. Da yamma ya dawo gida, ya ratsa ta zaure ya tarar da Baba Mudi yana dukan lauje, ya durƙusa ya gaishe shi bai iya haɗa ido da shi ba, har tsohon ya tambaya ko cikinsa ne ke ciwo. Ya shige ɗaki, ya zauna bakin gado, ya buɗe wurin sana'a. Gem ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna. Ya sake tambayarsa, da jan rubutu. Jazuli ya runtse ido ya yi kururuwa.

"Kakannina ku yafe ni! Sai kura!"

"Lafiya, Baban Nana?" in ji Barira matarsa daga madafa.

"Lafiya lau. Ci gaba da aikinki."

Haka masabar zuriya ta faɗi, allura ta hau gadon mulki.

Wa zai iya siffanta wahalar da ta biyo baya? Sabon tela ya ratsa dazuzzuka yana tsinkar auduga a bakin kogon macizai, ya mutu, ya tashi, ya koma, ya ɗinka tsummoki marasa amfani har gwanintarsa ta hau daraja bayan daraja, babban yatsansa ya yi kanta, batirinsa ya yi zafi kamar dutsen guga, data ta ƙare aka sayo, ta ƙare aka sake sayowa, Barira ta aike shi cefane ya dawo da rabi, kuma duk wannan a ɓoye, domin a majalisa yakan karkatar da wayarsa ya ce rana ce ke haske masa gilashi. Daga ƙarshe ya ɗinka jakarsa ta farko, babba, mai aljihu da yawa, ya kai ta kasuwa. Kafin ya ƙifta ido an saye. Ya kai wata, an saye. Ya ƙara farashi yana jin kunya, aka saye ba tayi. Kai jama'a! Zinariya ta riƙa kwarara a taskar Jazuli, Sarkin Allura, Garkuwar Masu Ganima, har ya fara tafiya kemis yana fito.

Da ya yi shiru da bakinsa, da tarihin nan ya ƙare a nan da farin ciki. To amma Jazuli a gidan sana'a ya tashi, kuma a gidansu ba a cin amfanin sabon aiki sai an kai wa babba ya sa albarka. Fartanyar farko da Mudi ya ƙera, mai unguwa aka kai wa. Zuciyarsa ta riƙa damunsa cewa ya sayar da na fari da na biyu babu albarkar kowa, kada abin ya lalace. Sai ya zauna ya ɗinka jaka mafi kyau, ya aika wa jarumin Oga Sabi'u kyauta, a sa masa albarka. Abin da ya manta shi ne, gem yakan buga sunan maɗinki a jikin kowace jaka.

Oga Sabi'u ya ji daɗi ƙwarai, kuma ya sa albarka, amma a tsaye ya sa ta, a gaban majalisa, da muryar da ake ji har gidan mai.

"Ku zo ku ga ikon Allah! Ashe Dakare tela ya zama! Kai Jazuli, tsakaninka da Allah, ana samu?"

An haɗa shi da Allah, kuma babba ne ya tambaya. Jazuli ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Oga, alhamdulillahi, ba laifi."

Duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da "ba laifi" take haifarwa. A layin da mutum ɗaya ya buɗe shagon caji aka ga yana cin nama, kafin wata ya kama layin gaba ɗaya shagunan caji ne. Kafin a kira magariba rabin runduna sun saki ƙira. Washegari labari ya isa Funtua, ya faɗa Bakori, ya kwana Ƙafur, ƙani ya gaya wa wa, wa ya gaya wa abokin aiki, kowa yana cewa kada a gaya wa kowa. Maƙera suka riƙa zubar da masaba runduna-runduna, filayen auduga suka cika da jarumai suna ture juna, jakunkuna suka yi ambaliya a kasuwa, wannan ya rage farashi, wancan ya rage a kan nasa, har jakar da jiya ake rububinta ta koma ana ba da ita gyara. Jazuli yana kallo daularsa ta narke, takaici ya cika shi, ga shi babu wanda zai zarga.

Sai dai gwarzo ba ya mutuwa a zaune. Ya tattara abin da ya tara tun kasuwa tana kasuwa, ya zazzage taskarsa kaf, ya ruga wurin mai sayar da kuraye ana jibi yaƙi. Allah da ikonsa, zinariyar ta isa kuɗin kura, ko ƙwaya ba ta yi saura ba. Aka fito masa da kura baƙa, mai jan ido, mai doro kamar tudu, wadda ta fi ta kowa a rundunar. Hawaye suka cika idon Jazuli. Ya yi bisimilla, ya danna wurin hawa.

Gem ya ce ana bukatar takunkumin ƙarfe.

Ya sake dannawa, ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Ya tuna gada, ya tuna kogi, ya tuna yadda ya yi tsaki yana watsa su, ya dafe kai. Ya garzaya kasuwa, ya bi rumfa-rumfa, jaka, jaka, jaka, babu takunkumi ko na magani, domin duk mai iya ƙera shi ya zama tela. Aka bincika ƙasar daga gabas zuwa yamma, aka tarar maƙeri ɗaya ne ya rage. Ba don hangen nesa ya rage ba, ba don kishin sana'a ba. Wayarsa ce ta faɗa cikin romon nama a makon da kowa ke sauya sana'a, ta kwana biyu a wurin mai gyara, ko da ta dawo ya tarar shi kaɗai ne mai masaba a duniya. Wannan bawan Allah kuwa shi ne Ɗanliti.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi zaman sulhu a gindin dalbejiya. Ɗanliti ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce shi ba ya son zinariyar Jazuli, ai ya san babu, kuma bai manta takunkumin da aka ƙera masa kyauta ba. Zai ba shi kyauta shi ma.

"Abu ɗaya kawai. Ka cire hula, ka durƙusa nan, ka ce, ranka ya daɗe Sarkin Maƙeran Malumfashi. Shi ke nan."

Majalisa ta kwashe da dariya. Oga Sabi'u ya ce, "Haba Jazuli, wasa ne fa, faɗi kawai a wuce wurin."

Jazuli ya kai hannu ga hularsa. Wallahi ya kai, marubucin nan yana wurin. Amma iska ta juyo daga wajen unguwarsu, ta kawo sautin masabar Baba Mudi, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sai hannun ya tsaya. A ce jikan Gagare ya durƙusa wa mai balangu ya kira shi sarkin maƙera, a garin da mahaifinsa ke dukan ƙarfe? Ya gyara zaman hular a kansa, ya miƙe.

"Ɗanliti, gara in taka har Tsaunin da ƙafa."

"Ai ka saba," in ji Ɗanliti.

Asabar ta zo. Jazuli bai je majalisa ba, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa abin ji a kunne ɗaya. Aka buga tambari, muryar Oga Sabi'u ta fasa kunnensa, "Gindin Dalbejiya! Sai Tsauni!", mahaya suka amsa da kururuwa, kuraye suka zabura, ƙasa ta girgiza, ƙura ta rufe sama, tutoci suka kaɗa, runduna ta ɓace a bayan tudu. Da ƙurar ta lafa, sai ga Jazuli ɗan Mudi ɗan Tanko ɗan Barau ɗan Gagare, Sarkin Allura, yana sassarfa da ƙafa kamar kullum, ya rataya jakunkunan da suka yi kwantai, baƙar kurarsa mai jan ido tana biye da shi a baya tiƙis-tiƙis, domin haka gem yake yi da dabbar da ba a hau ba. Can daga nesa muryar Ɗanliti ta shigo kunnensa tana shaƙe da dariya.

"Jama'a a taimaka! Kura ta biyo Dakare!"

Barira ta zo wucewa da tsintsiya, ta leƙa ta kafaɗarsa, ta ɗan tsaya.

"Baban Nana, wannan karen me ka yi masa yake bin ka?"

"Kura ce. Tawa ce, ni na saya."

"To ka hau mana, kamar sauran."

"Sai da takunkumin ƙarfe. Babu maƙeri."

Barira ta riƙe haɓa, ta dube shi, ta dubi zaure inda hayaƙi ke tashi.

"Babu maƙeri? A gidan nan? Ga Baba can tun azahar yake cewa ba aiki. Tashi ka kai masa wayar ya gwada maka, in ya so ka taho min da wuƙata, na ba shi wasawa tun jiya."

Jazuli ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga bayanin ya fi hanyar Tsauni nisa. Ya bar jaruminsa a gindin dutse yana gadin kaya, kura tana zaune kusa da shi tana hamma, ya kife wayar a kan tabarma. Batun goge wasa kuwa, babu wanda ya sake tayar da shi, domin runduna ba ta da wani mai gadi. Ya sa takalmi, ya tafi karɓo wuƙa.